Amana Biyu a Gida Ɗaya: Gina Yarda Tsakanin Iyaye da Mai Raino a Sabon Tasha, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sauye-sauyen da zaman birni ya kawo wa iyali a Arewacin Nijeriya, kaɗan ne suka taɓa tsakiyar gida kamar sauyin da ya sami raino. A da, yaro yakan tashi ne a hannun kaka da gwaggo da inna da yayyensa, waɗanda ba a biyan su ko anini, ba a kuma tsayawa binciken amincinsu. A yau kuwa, a unguwanni da dama na manyan birane, uwa takan miƙa jaririnta tun da sassafe ga wata wadda ba su haɗa dangi ba, ba su haɗa gari ba, wani zubin ma ba su haɗa harshen gida ko addini ba, sa'an nan ta kama hanyar wurin aiki, ba za ta sake ganinsa ba sai gab da magariba. Yaron da aka bari bai iya magana ba, balle ya ba da labarin yadda ya yini. Saboda haka abin da ke riƙe da wannan hulɗa bai wuce yarda ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake gina yarda tsakanin iyaye da mai rainon da ke zaune tare da su a gida, da kuma dalilan da kan sa ta rushe. An ɗauki Sabon Tasha, wadda ke kudancin kogin Kaduna, a matsayin fagen nazari, domin wuri ne da ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga al'ummu daban-daban, waɗanda Hausa ke haɗa su a kasuwa da mota da cikin unguwa. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, amanar da ke cikin irin wannan gida biyu ce: akwai amanar yaro a hannun mai raino, akwai kuma amanar mai raino a hannun masu gida. Galibi ta farkon kaɗai ake tunawa, alhali kuwa da wuya ta tsaya idan an tauye ta biyun.

2.0 Kalmomin Raino da na Yarda

2.1 Goyo, Raino da Riƙo

Hausa ta rarrabe ɗawainiyar yaro da kalmomi uku. Goyo shi ne ɗaukar yaro a baya da zane da majanyi, daga nan ma'anar ta faɗaɗa har ta game lokacin shayarwa duka, shi ya sa ake cewa mace tana da goyo. Raino shi ne hidimar yau da kullum, watau ciyarwa da wanka da rarrashi da tsare yaro daga wuta da rijiya. Riƙo kuwa shi ne a ɗauki ɗan wani a mayar da shi ɗan gida, a ci da shi, a tufatar da shi, a yi masa tarbiyya har a kai shi ga aure. Mai raino ta zamani tana yin goyo da raino, amma idan yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye, ita kanta a hannun riƙo take, ko masu gida sun san da haka ko ba su sani ba.

Akwai wani abin lura a nahawu. Aikatau biyu ne ake rubuta su da siffa ɗaya, watau raina, karin sauti da ajin aikatau ne suka raba su. Bisa rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960, ɗaya na aji na biyu ne, ɗaya na aji na ɗaya:

(a) Ladi ta raini yaron.
(b) Ladi ta raina yaron.

Daga na farko aka sami raino, daga na biyu aka sami raini. Kusancin lafazi ba ya zama hujjar cewa asalinsu ɗaya, sai dai yana tunatar da abin da za a gani nan gaba, cewa gidan da raini ya shiga, raino yakan lalace.

2.2 Sunayen Mai Hidimar Gida

Sunan da ake kiran mai hidima da shi yana ɗauke da tarihinsa. Baiwa da kuyanga kalmomi ne na zamanin bauta, wadda doka ba ta gama soke ta a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Bara da baranya na tsarin barantaka ne, inda yaro ke yi wa ubangida ko uwar ɗaki hidima, su kuma su ɗauki nauyin ci da sutura da aurensa, su tsaya masa ranar wuya. Boyi da kuku kuwa daga barikin Turawa suka fito, tare da al'adar albashin wata da sallama. A yau an fi jin 'yar aiki da mai raino, wasu gidajen 'yan boko kuma su ce nani. Waɗannan tsare-tsare uku, na bauta da na barantaka da na albashi, ba su gushe daga tunanin jama'a ba, kuma sau da yawa sukan cuɗanya a gida ɗaya, a kan mutum ɗaya.

2.3 Amana da Yarda

Amana kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tushenta ɗaya da aminci da amini da imani. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya sanya ta cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Idan aka dubi aikatau da ke tafiya da ita, za a ga ana ba da amana, ana riƙe ta, ana cin ta. Watau Bahaushe ya ɗauke ta tamkar kaya ne da ake danƙa wa mutum a hannu, za a kuma dawo a tambaye shi. Yarda kuwa natsuwa ce ta zuciya, wadda zama da gwaji ke haifarwa, shi ya sa ake cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana iya ba da amana a yini ɗaya, amma yarda sai a hankali take tsirowa. Matsalar iyaye ma'aikata ke nan a taƙaice: larura takan sa su ba da amana tun kafin yarda ta samu.

3.0 Raino a Gargajiyar Bahaushe

A gargajiyance, ba a ɗora rainon yaro a kan mahaifiyarsa ita kaɗai. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta ta yi wankan jego na kwana arba'in. Kunyar ɗan fari takan hana iyaye kiran sunansa ko nuna masa so a fili, sai kakanni su maye gurbin. In lokacin yaye ya zo, gidan kaka ake kai shi, sau da yawa kuma can zai ci gaba da zama. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, cike yake da misalan riƙo. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna irin rawar da yara ke takawa a gidajen matan kulle ta hanyar aike da talla da sauran hidimomin gida. Haka kuma Esther Goody, a littafinta na 1982, ta nuna cewa riƙo al'ada ce da ta game Afirka ta Yamma, ba ta Hausawa kaɗai ba.

Abubuwa uku ne suka sa ba a fargabar amana a wancan tsari. Na farko sanayya: an san mai riƙo, an san iyayenta da kakanninta. Na biyu shaidu: babban gida idanu gare shi da yawa, ga kishiyoyi, ga surukai, ga maƙwabta masu shigowa ɗiban wuta, don haka ba a yi wa yaro abu a ɓoye. Na uku sakayya: wadda ta riƙe yarinya ita za ta yi mata kayan ɗaki, yarinyar kuma za ta yi mata biyayya har tsufa, wanda duk ya gaza sai kunyar dangi ta kama shi. Addini ma ya ɗaukaka mai raino. Musulmi suna girmama Halimatus Sa'adiyya da Ummu Aimana saboda rainon Annabi Muhammadu (SAW), shari'a kuma ta mayar da mai shayarwa uwa har ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. A Littafi Mai Tsarki kuwa, Littafin Farawa ya ambaci sunan Debora mai rainon Rifkatu, har da wurin da aka binne ta.

Wannan ba ya nufin babu zalunci a da. Tatsuniyoyin 'yar bora da na marainiya a hannun kishiyar uwa shaida ce cewa Bahaushe ya san akwai mugun riƙo. Sai dai al'umma tana da idon ganinsa da bakin tsawata masa.

4.0 Sabon Tasha da Buƙatar Mai Raino

Sabon Tasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda hedkwatarta ke Kujama, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Kaciya, a ƙasar da Gbagyi suka daɗe da zama. Bisa ƙa'idar jinsi Sabuwar Tasha ya kamata a ce, tun da tasha tamata ce, amma bakin jama'a ya tabbatar da Sabon Tasha, irin Hausar da ake ji a wuraren da harsuna suka cuɗanya. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, amma masana'antu ne suka cika kudancin kogin da jama'a: masaƙar farko ta Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011, zaman garin ya rabu, Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa, sai Sabon Tasha da maƙwabtanta irin su Unguwar Boro da Narayi da Kamazou suka tumbatsa. Mazaunanta sun haɗa da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara, da Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa da sauransu.

Irin wannan zama na ɗan ƙaramin iyali ne a gidan haya ko gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Kaka tana can Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi. Miji da mata duk masu fita ne, wannan malamin makaranta, waccan ma'aikaciyar jinya ko banki ko mai shago, wasunsu kuma sai sun ƙetare kogi kullum cikin cunkoson motoci. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta tanadar na hutun haihuwa. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, amma wannan bai shafi ma'aikatan kamfanoni da 'yan kasuwa ba. Da hutu ya ƙare, dole a nemi mai riƙe yaro.

Hanyoyi uku aka fi bi. Wasu sukan ɗauko ƙanwa ko 'yar dangi daga ƙauye bisa alkawarin sa ta a makaranta. Wasu sukan bi ta hannun dillaliya mai kawo yara daga nesa. Wasu kuma sukan ɗauki babbar mace, bazawara ko dattijuwa, bisa albashin wata. Talauci da rashin tsaron da ya raba ƙauyuka da dama na Chikun da Kajuru da mutanensu sun ƙara yawan masu neman irin wannan aiki cikin halin da ba sa iya ciniki. Abin lura shi ne, ginshiƙan nan uku na gargajiya, sanayya da shaidu da sakayya, duk sun raunana, katanga kuma ta rufe idon maƙwabci.

5.0 Inda Yarda ke Tsinkewa

Kowane ɓangare da tsoron da yake kwana da shi. Iyaye suna tsoron duka da sakaci, da cinye abincin yaro, da ɗura masa maganin barci don a huta, da sata, da kwasar sirrin gida a kai wa miyagu, abin da ba ƙaramar fargaba ba ce a jihar da ta sha fama da masu satar mutane. Mai raino kuma tana tsoron riƙe mata albashi, da yunwa, da duka, da ƙazafin sata, da karya alkawarin makaranta, da cin zarafi daga mazan gida. Tsoron iyaye akan faɗe shi a fili, a coci da masallaci da wurin aiki. Tsoron mai raino kuwa ba shi da mai saurare.

Babban abin da ke rura wutar shi ne rashin tsayar da matsayin mai raino. Ranar biya, ko in an yi baƙi, za a ji uwar gida tana cewa, "Ai wannan 'yarmu ce, ba ma lissafi da ita." Ranar da kuɗi suka ɓace kuwa sai magana ta juya, "Kada ki manta aiki ya kawo ki gidan nan." Watau an ɗauki harshen riƙo don a kauce wa haƙƙin albashi, an kuma ɗauki harshen albashi don a kauce wa haƙƙin riƙo. Wadda aka yi wa haka ba ta sami gatan 'ya ba, ba ta sami 'yancin ma'aikaciya ba. Daga nan zargi yakan haifi tsoro, tsoro ya haifi ɓoye-ɓoye, ɓoye-ɓoye kuma in ya tonu ya ƙara zargi. Wanda ke shan wahalar wannan zagaye shi ne yaron da ake raino.

6.0 Ginshiƙan Gina Yarda

Ba za a iya dawo da babban gida na da ba, amma ana iya sake kafa ginshiƙansa da kayan zamani.

6.1 Sanin Asali da Kafa Shaidu

Wajibi ne iyaye su san gidan da mai raino ta fito, su ga iyayenta ko mijinta ko waliyyinta ido da ido, ita ma danginta su san gidan da take. Zumunta a ƙafa take. Ya kamata kuma a sami mutum na uku da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kamar fasto ko liman ko mai unguwa, ko shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiya, ko dattijon ƙungiyar 'yan gari. Amfaninsa biyu ne: shi ne mai tsaya wa mai raino a wurin iyaye, shi ne kuma wanda za ta kai wa kuka idan an cuce ta. Dillaliyar da ke karɓar albashin yarinya ta hana a san iyayenta ba ta cika wannan sharaɗi ba, domin ribarta a cikin duhun take.

6.2 Shekaru da Doka

Yaro ba ya rainon yaro na yini guda ba tare da babba a kusa ba. Yayar da ke goyon ƙaninta a gidan gargajiya tana yi ne a gaban iyaye mata, ba a rufe ta ita kaɗai da jariri da murhun gas. Doka ma ta yi magana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ta kuma tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro, Jihar Kaduna kuma ta kafa dokarta ta kula da yara da kare su a 2018. Saboda haka wanda ya ɗauko yarinya bisa alkawarin makaranta, alkawari kaya ne, kuma ba zai yiwu ta zama ɗaliba da mai rainon yini a lokaci guda ba.

6.3 Bayyananniyar Yarjejeniya

Tun ranar farko ya kamata a faɗi albashi da ranar biyansa da hannun da zai shiga, da iyakar aiki, da ranar hutu, da wurin kwana, da wanda zai biya kuɗin magani, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. A yi wannan a gaban shaida, in da hali a rubuce, cikin harshen da take ji. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka albashin mai raino ya rataya ne a kan adalcin masu gida. A duniya kuwa, Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2011, ta tabbatar da cewa aikin gida aiki ne kamar kowane, mai haƙƙin hutun sa'a 24 a jere kowane mako. Wadda aka haɗa mata raino da girki da wanki da shara da tsaron shago, in ta yi wa yaro riƙon sakainar kashi, gajiya ce ta jawo kafin mugun hali.

6.4 Koyarwa Kafin Danƙawa

Tun da yarda ba ta samuwa a yini ɗaya, hikima ita ce a ɗauki mai raino makonni kafin hutun haihuwa ya ƙare, uwa ta zauna tare da ita, ta ga hannunta, yaro ya saba da ita, sa'an nan a fara barin su na sa'a ɗaya, a riƙa ƙarawa. A cikin wannan lokaci ne za a koya mata abin da ba a haifi kowa da saninsa ba: cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, da yadda ake adana nonon da aka tatsa, da haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro, da cewa ba a jijjiga jariri da ƙarfi kome kukansa, ba a kuma ba shi wani magani sai da izini. A bar mata lambobin waya da kuɗin mota, a nuna mata asibiti mafi kusa. Kuskure da yawa da ake kira cin amana rashin koyarwa ne.

6.5 Buɗe Ƙofar Faɗin Gaskiya

Wannan shi ne ginshiƙi mafi nauyi. A ɗauka yaro ya faɗo daga gado da hantsi, kansa ya bugu. Idan mai raino ta san duka ko kora ke jiran ta, za ta share masa hawaye ta yi shiru. In daga baya ya fara amai ko barcin da ya wuce kima, alamun da ke buƙatar a garzaya asibiti, uwa ba za ta san dalili ba, likita ma ba zai sami labarin da zai taimake shi ba. Amma idan ta saba cewa ranar da ta fasa kwano ta faɗa an ce mata, "Kin kyauta da kika gaya mini," to a take za ta ɗauki waya ta ce, "Anti, yaro ya faɗi, ga abin da na gani." Ke nan yadda iyaye ke karɓar ƙananan kurakurai shi ke tabbatar da ko za su ji manya a kan lokaci.

6.6 Harshe da Mutunci

Mai raino takan kira uwar gida Anti ko Mami ko Madam, ko Hajiya a gidan Musulmi, ta kira maigida Dadi ko Oga ko Alhaji. Abin dubawa shi ne yadda ake kiran ta ita. Gidan da ake koya wa yara su ce mata Anti, ko Mama ko Iya in dattijuwa ce, ya bambanta da gidan da ake kiran ta da "ke" kurum. Yaro yana kwaikwayon iyayensa, kuma ba zai bi umurnin wadda ya ga ana ci wa mutunci a gabansa ba, ko da umurnin na nisantar wuta ne. Gyara a keɓe ake yin sa. Haka kuma cin abinci daga tukunya ɗaya, da ba ta damar zuwa coci ko yin salla in addini ya bambanta, da fahimtar juna a kan addu'a da harshen da za a yi wa yaro, duk suna cikin mutunci.

6.7 Sa Ido

Yarda ba ta hana sa ido. Wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ta sauƙaƙa wa uwa jin lafiyar ɗanta, ta kuma ba mai raino hanyar jin muryar danginta, don haka ƙwace mata waya yanke ta ne daga shaidunta. Wasu gidaje sun sa kyamara. In za a sa, a sanar da ita, kada kuma a kai ta makwanci ko makewayi. Amma kyamara laifi kaɗai take kamawa, ba ta koyar da tausayi. Shaidar da ta fi ta ita ce yaron kansa: nauyinsa da tsabtarsa da barcinsa, da ko yana miƙa hannu in ya ga mai rainonsa ko yana maƙalewa jikin uwa cikin firgita. Maƙwabciya ta kirki da aka ba izinin leƙowa ita ma tana mayar da wani abu na idanun babban gida.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Hausa ta bambanta amana da yarda, da yadda gargajiya ta tsare amanar yaro da sanayya da shaidu da sakayya, da yadda zaman Sabon Tasha ya raunana waɗannan ginshiƙai ba tare da ya rage buƙatar raino ba. An kuma nuna cewa gyaran yana ga tsayar da matsayin mai raino: a ba ta haƙƙinta na ma'aikaciya a bayyane, a ba ta mutuncinta na 'yar mutane a aikace, a kuma sa al'umma ta zama shaida a tsakani. Ita ma akwai nata nauyin, na gaskiya da kame hannu da rufe sirrin gida da tausayin yaron da ba ya iya kai ƙara. Sai dai tun da masu gida ne ke da ƙarfi da dukiya da murya, su ne ya wajaba su fara. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Karin maganar ya game jaririn da ke goye, ya kuma game wadda ta goya shi.